Kafin ka sayi kayan bibiyar dabbobin kogi a yankin noman rani

Mai son sa ido a kan halittun kogi yakan fara ɗokin kyamarar tarko, wadda ake ɗaurewa a bar ta tana ɗaukar hoton dabbobi da kanta, don ita ke kawo hoton da za a nuna wa jama'a. Ni kam, da kuɗin abu ɗaya ne a hannuna, ma'aunin ruwa zan saya.

Noma ke lashe kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba daga koguna da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa a duniya. Idan ban ruwa ya faɗaɗa, kogin ne ke fara ji a jikinsa: ya ja baya, ya yi ɗumi, ragowar ruwan gonaki ya komo da taki da gishiri. In ba ka da wannan a rubuce, ko kifi ya ƙare ƙaf, ba ka da hujjar cewa famfunan ban ruwa ne sila.

Na'urar auna zurfi da zafin ruwa, irin ta HOBO, ana ɗaure ta ne a ƙasan ruwa ta yi watanni tana rubutawa. Da nauyin ruwan da ke kanta take lissafi, saboda haka sai ka haɗa mata da wata a waje mai auna nauyin iska, in ba haka ba alƙaluman za su karkace. Ma'aunin oksijin ya fi tsada, kuma yana son goga, don gansakuka kan lulluɓe bakinsa. Amma shi ke tona asiri. Ƙasa da miligram 5 a lita, kifaye da dama sun shiga takura, a kusa da 2 kuwa sai mutuwa. Da asuba oksijin ke yin ƙasa sosai, wanda ya auna da rana tsaka ya yaudari kansa.

Kyamarar tarko ɗumin jiki mai motsi take ji. Dorina da karen ruwa takan kama su, ko da yake karen ruwan da ya fito a jiƙe yakan wuce ta. Kada da guza fa? Zafin jikinsu ya yi kusa da na yashin da suke kwance a kai, sai su ratsa gabanta ba ta ko ƙyafta ba, alhali ciyawar da iska ke kaɗawa cikin rana ta cika maka kati da hotunan banza. Nemi wadda za a iya saita ta tana ɗauka duk bayan 'yan mintuna.

Ga kwaɗi da tsuntsaye, na'urar naɗar sauti ta fi. AudioMoth ƙarama ce, batir uku na AA take ci, manhajar BirdNET kuma tana taimakawa wajen tantance kukan tsuntsaye. Ka dai nisanta ta da injin ban ruwa, ƙararsa na danne komai.

Akwai kuma gwajin DNA na ruwa, wato alamar gado da halittu ke bari a cikinsa: a tace ruwa, a aika matatar ɗakin gwaje-gwaje, a gano nau'o'in da ke ciki. Yana faɗin wane ne ke nan, amma ba ya ƙirga su, kuma kogi kan kwaso alamar daga can sama. Ruwa mai laka yana toshe matata nan da nan, sai ka sayi fiye da yadda ka ƙiyasta.

Jirgi mara matuƙi kuwa ya jira, sai dai in taswirar gonakin bakin kogi kake buƙata, ita ma hotunan tauraron Sentinel-2 na kyauta kan wadatar.