Kwana 21 a Fas tare da ayarin masu sana'a: abin da ya biya da abin da ya rage

Ni baduku ne, gado na yi, kuma a Ƙofar Wambai nake da rumfa. A watan Nuwamban da ya wuce na shiga wani shirin musayar sana'a da al'ada da wata ƙungiya mai zaman kanta ta tsara, aka kai mu birnin Fas na ƙasar Maroko. Mu bakwai ne: dukawa biyu, majemi ɗaya, marini ɗaya daga Ƙofar Mata, mata biyu masu ɗinkin hannu, sai Hajiyar da ta jagorance mu. Tun da na dawo abokan sana'a ke tare ni da tambayar ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, tunda rufe rumfa mako uku ba wasa ba ne ga mai iyali. Ta biya. Sai dai ba ta wajen da masu shirin suka fi zuba ƙarfinsu ba.

Wajen takardu ba ni da abin cewa. Biza, tikiti, masauki da abinci duk su suka ɗauke. Daga Legas muka tashi muka sauka Kazablanka, jirgin ƙasa ya ƙarasa da mu Fas cikin sa'o'i kusan huɗu. Abin da suka manta su gaya mana shi ne sanyi. Sanyin daren Fas a Nuwamba mai danshi ne, yana ratsa ƙashi, kuma tsofaffin gidajen an gina su ne don su tare zafi. Dattijon majeminmu sai da ya yi kwana biyu a kwance da mura. Layi ɗaya a takardar shiri da ya isa ya hana wannan.

Cikin tsohon birni aka sauke mu, Fas al-Bali, inda mota ba ta shiga. Jakuna da alfadarai ne ke jigilar kaya, in ka ji an ce "balak" sai ka manne da bango. Kowa aka ba shi gidan da zai zauna da iyali, kuma wannan shi ne abu mafi kyau da shirin ya yi. Da otal aka kai mu, da mu bakwai ɗin nan za mu yi ta hira da juna da Hausa har mu dawo.

Rana ta uku aka kai mu majemar Shuwara, wadda ta fi kowace girma a birnin. Masu yawon buɗe ido daga saman soro suke leƙawa, ana ba su ganyen na'ana'a su toshe hanci. Mu ƙasa aka sauko da mu, tsakiyar ramukan. Fararen ramuka na jiƙon farar ƙasa da kashin tattabara ne, su ke zubar da gashi su tausasa fata. Masu launi kuma na rini ne. Mutum ya shiga har gwiwa yana tattaka fata da ƙafa. Majeminmu ya tsuguna ya taɓa ruwan, ya murza fatar tsakanin yatsu, ya juyo ya ce da ni: "Yaro, ai aikin gida ne wannan." Sannan ya kwance ƙullin garin bagaruwa da karan dafi da ya zo da su, ya nuna musu abin da muke jima da shi da wanda muke fitar da ja. Suka kewaye shi, wannan ya shinshina, wancan ya ɗanɗana. Su ma suka nuna mana ɓawon rumman da suke samun launin rawaya da shi. Awa ɗaya aka ware wa wurin, muka yi uku.

Wannan kamanni ba haɗuwar banza ba ce. Ƙarnuka da dama fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi tana bin ayarin raƙuma ta ƙetare Sahara zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko suna yi wa littattafai bango da ita. Na daɗe ina jin labarin a bakin manya. Tsayawa a wurin na ga masu jima irin namu, ya sa na ji shi a jikina.

Amma inda tafiyar ta zauna mini da gindinta shi ne kwana takwas da na yi a shagon wani tsoho mai ɗinka balga, takalminsu mai buɗaɗɗen baya da ake sawa da jallabiya. A can gwanin sana'a "ma'allam" ake ce masa, kalmar da ke da tushe ɗaya da malam ɗinmu. Ni Baba nake ce masa. Kwana biyu na farko bai bar ni na taɓa basilla ba. Aikina kawai in fiƙe gefen fata da wuƙa har ya yi siriri, yadda in an naɗe shi ba zai yi tudu ba. Na yi na kai masa, ya shafa da babban yatsa, ya mayar mini. Shekara ashirin ina dukanci, ban taɓa ba gefen fata irin wannan lokaci ba, don a kasuwarmu mai saye ado yake kallo a sama.

Abu na biyu shi ne awo. A bangon shagonsa akwai itatuwan da aka sassaƙa a siffar ƙafa, kowanne da lambarsa, da kwalayen yanka da ba sa canjawa. In baƙo ya sayi lamba 42 bana, ya aiko a yi masa wani baɗi, daidai zai same shi. Mu da yawanmu da ido muke yanka, shi ya sa in ɗan kasuwa ya ce a yi masa ƙafa ɗari iri ɗaya sai a fara samun saɓani. Fatarmu ba ta gaza tasu ba, na riƙe duka biyun a hannuna kuma na san abin da nake faɗa. Ƙarashen aiki ne suka fi mu, da haƙurin maimaita abu ɗaya.

Ga ƙorafina babba. Cikin kwana 21, takwas kaɗai muka zauna a bakin aiki. Sauran sun tafi a taruka, jawabai, ɗaukar hoto da zagaye. Wasu ziyarce-ziyarcen ba zan musanya su da komai ba. Mun yi salla a masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859, mun kuma ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815. A ƙofar zawiyar na ji ana gaisawa da Hausa, ashe maziyarta ne daga Nijar, muka tsaya muka yi ta tambayar mutanen gida. Amma zaman awa huɗu a zaure ana karanta mana takarda da Faransanci, wannan ba abin da ya ƙara wa mai aikin hannu.

Tafinta ma ɗaya aka ba mu, mu bakwai a shaguna shida, kuma Faransanci da Turanci yake ji. Mutanen shago Larabcinsu na Darija suke yi, wanda ya yi nisa da na allo. Ni ɗan Larabcin makaranta da nuni da hannu suka fisshe ni. Matan ayarinmu su suka fi cutuwa, don ɗinkin Fas ƙirga zare ake yi, gaba da baya su fito iri ɗaya, kuma wannan yana buƙatar bayani. Ɗayarsu ta ce wa jagorarmu: "Hajiya, idona ya gani amma kunnena bai samu ba." Hajiya ta yi ƙoƙari ta samo wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu a garin, amma sai a mako na ƙarshe.

Ga wanda zai nema, shawarata ya tambayi masu shirin tun kafin ya sa hannu: kwana nawa zan yi a shago, da wa, kuma wa zai fassara. Ya tafi da kayan aikinsa da samfurin abin da yake yi, don ranar da na nuna wa Baba jakar da na ɗinka da zanen dagi, daga ranar ya fara tambaya ta yadda muke yi, ba koya mini kaɗai ba. Ya kuma ɗauki rigar sanyi mai kauri.

Da zan taho Baba ya ba ni kwalayen yanka guda uku, lamba 40, 42 da 44. Na kai wa wani masassaƙi a nan Kano ya fitar mini da siffar ƙafa a kansu, ya cike lambobin da ke tsakani. Makon jiya na gama ƙafa goma sha biyu na farko da su, da jar fatar akuya, kuma yaran shagona biyu yanzu fiƙe gefe suke koya kafin ɗinki.