Tanti ko gidan mutanen gari a gaɓar tekun Ingila?

Ana yawan tambayata: mai taka South West Coast Path, hanyar ƙafa da ke bin gaɓar teku a kudu maso yammacin Ingila, mil 630 daga Minehead zuwa Poole, ina ya kamata ya kwana?

Tanti ya fi arha, amma ga nauyi a baya, kuma sai da izinin mai fili. Idan iska ta taso da ruwa a Cornwall, ɗaya daga yankunan da hanyar ke ratsawa, da jiƙaƙƙun kaya za ka kwana.

Gidan mai masauki, wato gidan mutanen gari da ke saukar da baƙi su biya, da tsada, wasu ma rufewa suke da sanyi. Amma takalmi zai bushe, ga karin kumallo mai zafi, mai gidan kuma ya san inda gaɓa ta zabtare. Wannan na fi damuwa da shi.

Mai ƙarfi da ƙaramin aljihu, tanti ya ishe shi lokacin zafi. Mai tafiya cikin ruwa da sanyi ya kama masauki tun da wuri.