Yashin wasa mai dunƙuluwa: na kanti ko na haɗin gida, wanne ya dace da yaronku?

Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya tsugunna a gaban tulin yashi mai ɗan laima ya san yadda abin ke ɗauke masa hankali. Ya damƙa, ya dunƙula, ya cika gwangwani ya kife, ya rushe ya sake ginawa, ana kiransa ma ba ya ji. Tafin hannunsa na koyon bambancin laushi da kaushi, yatsunsa na samun ƙarfin da zai riƙe fensir da shi gobe, shi kuwa a wajensa wasa ne kawai. Abin da ke damun iyaye da malaman ƙananan yara shi ne yashin waje yana da datti, kuma da zarar ya bushe sai ya wargaje. Shi ya sa ake neman irin wanda zai dunƙulu ya tsaya a siffar da aka ba shi, a ajiye shi a roba, gobe a ɗauko.

Kafin a shiga kwatanta kaya, yana da kyau a gane dalilin da ya sa yashi ke kama jiki. Busasshen yashi ƙwayoyi ne da babu abin da ya haɗa su. Idan aka yayyafa ruwa kaɗan, ruwan kan maƙale tsakanin ƙwaya da ƙwaya ya riƙe su kamar ƙananan gadoji. Ruwan ya yi yawa, ya zama taɓo. Ya ƙafe, gini ya zube. To duk haɗin da za ku gani, na kamfani ko na gida, abu ɗaya yake nema: wani abin da zai yi aikin wannan ruwan amma ya daɗe bai gudu ba. Bambancinsu yana wajen abin da kowanne ya zaɓa, kuma daga nan ne amfaninsa da illarsa ke fitowa.

Na kanti da ya fi shahara shi ne Kinetic Sand, wanda kamfanin Spin Master na ƙasar Kanada ke sayarwa. Kashi 98 cikin 100 nasa yashi ne, sauran kashi 2 wani man silikon ne mai danƙo da ake kira polydimethylsiloxane. Wannan ɗan man shi ne sirrinsa. Ba ya ƙafewa kamar ruwa, ba ya barin maiƙo a hannu kamar man girki, kuma yana sa yashin ya kama junansa ya ƙyale fata da tebur. Ka ɗaga dunƙule ka sake shi, sai ka ga yana tsiyaya a hankali kamar mai rai. Ka sa wuƙar roba ka yanka, ya yanku sumul. Wajen shara ma da sauƙi, don da dunƙule ɗaya ake bi a tsince ɓarɓashin da ya zuba. Gaskiyar da ya kamata a faɗa tun farko ita ce babu wani haɗin kicin da zai yi wannan tsiyayar daidai. Na gwada da yawa, wasu sun zo kusa wajen riƙe siffa, amma tafiyar ta daban ce. Wanda wannan tafiyar yake so, ya sayi na kantin ya huta.

Sai dai shi ma yana da nasa. Ya fi kowane haɗin gida tsada nesa ba kusa ba, ƙunshin da ake sayarwa kuma ba shi da yawa, yara uku ba za su wadata da guda ɗaya ba. Ba ya shiri da ruwa: ya jiƙe, sai ya yi caɓi ya riƙa manne wa hannu har sai an shanya shi. A jikin kwalinsa an rubuta cewa na 'yan shekara 3 ne zuwa sama, kuma wannan gargaɗin ba ado ba ne. Akwai kuma kwaikwayonsa masu araha marasa suna. Idan kwali bai nuna wanda ya yi shi, da abin da ke ciki, da shekarun da suka dace ba, ku bar shi a kan kanta.

A haɗin gida, mafi sauƙi ba shi da yashi ko ƙwaya ɗaya. Fulawa ce kofi 8, mai kofi 1, a zuba a babbar roba a murza da hannu har man ya ratsa ko'ina. Yadda ake gane ya yi: ka damƙa ya tsaya da shatin yatsunka, ka ɗan latsa ya watse. Laushinsa ya fi na kowanne, kuma yaron da ke ƙyamar abu mai kaushi yakan yarda ya taɓa wannan kafin ya yarda da yashi. Minti biyar ya isa a haɗa shi. Illarsa ita ce watsuwa. Yana shiga lungun kujera, yana maƙale a kafet, idan kuma ya haɗu da ruwa sai ya koma ƙulli mai wuyar fita. Kada a kuskura a wanke shi a magudanar ruwa, zai toshe ta. A share shi a bushe a zuba a shara.

A nan nake so in tsaya, domin wannan haɗin ne aka fi yaɗawa da sunan "ko yaro ya ci ba komai", maganar kuwa tana buƙatar gyara. Fulawa ɗanya ce. Daga gona take zuwa injin niƙa, babu wani matakin da ke kashe ƙwayoyin cuta a tsakani, kuma tana iya ɗauke da E. coli ko Salmonella. A shekarar 2016 mutane sama da 60 sun kamu da ciwo a Amurka ta dalilin fulawa mai ɗauke da E. coli, hukumomin lafiya na ƙasar kuma suna gargaɗin kada a bar yara su yi wasa da ɗanyen ƙulli. Mutane da yawa kan baza fulawar a tire su gasa ta a oben kafin su haɗa. Hakan na iya rage haɗarin, amma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce gashin gida ba shi da tabbas, don zafin ba ya ratsa busasshen gari daidai. Ga kuma yaran da jikinsu ba ya ɗaukar alkama. Su wannan haɗin bai dace da su ba sam.

Man da za a zuba ma zaɓi ne mai nauyi. Man jarirai na shafawa yana ba da laushi da ƙamshi, kuma ba ya lalacewa da wuri, don haka haɗin kan daɗe. Amma mai ne da aka tace daga man fetur, ba na ci ba ne, kuma idan yaro ya kurɓa daga kwalbar ya sarƙe shi ya gangara huhu, yana iya jawo ciwo mai tsanani. A haɗa shi nesa da yara, a ɓoye kwalbar. Man girki ya fi kwanciyar hankali ta wannan fuskar, sai dai bayan wani lokaci yakan lalace haɗin ya fara wari, musamman a wuri mai zafi. Man kwakwa yana da ƙamshi mai daɗi, amma yana daskarewa idan zafin wuri ya sauka ƙasa da digiri 24, sai haɗin ya yi tauri har sai ɗumin hannu ya narkar da shi.

To yaron da har yanzu duk abin da ya damƙa baki yake kaiwa fa? Shi ba a ba shi yashi, ba a ba shi fulawa ɗanya, ba a ba shi man shafawa. Abin da na fi yarda da shi shi ne garin abincin jarirai na gwangwani wanda aka riga aka dafa shi a masana'anta, a ɗiga masa man girki kaɗan kaɗan ana murzawa har ya fara dunƙuluwa. Ba zai yi gini mai tsayi ba, amma mai shekara ɗaya da rabi ba gini yake nema ba, damƙa da saki yake so. A haɗa ɗan kaɗan na ranar, a zubar bayan wasa, babba kuma na zaune a gefe, don busasshen gari na iya shaƙe yaro idan ya cusa da yawa.

Ga waɗanda suka wuce wannan matakin, haɗin da ke da yashi na gaske ya fi armashi, don yana da nauyi a hannu kuma gininsa ya fi tsayuwa. Abokin tafiyarsa sitacin masara ne, wato farin garin nan mai santsi da ake kaurara miya da shi, wanda ya bambanta da garin masara na yau da kullum. Hanya biyu ce. Ta ruwa: yashi kofi 4, sitaci kofi 2, ruwa kofi 1, a riƙa zuba ruwan sannu sannu. Wannan ba ya barin maiƙo, yana fita a tufafi cikin sauƙi, amma yana bushewa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai an farfasa shi an sake yayyafa ruwa. Idan kuwa aka rufe shi ruf da laimarsa, fumfuna za ta kama shi. Ta mai: yashi awo 5, sitaci awo 3, mai awo 1. Ni wannan na fi so a duk haɗin gida. Ba ya bushewa, yana fita daga kofi da gefensa tsaf, kuma shi ne ya fi kusa da na kanti wajen riƙe siffa. Kuɗin da za a biya shi ne ɗan maiƙo a hannu da tabo a riga idan aka yi sake.

Akwai na ƙarshe da ake haɗa yashi da gam na ruwa da sinadarin borax ko ruwan wanke tabarau na cikin ido, don a sami danƙo mai jawuwa. Yana burgewa a bidiyo. A hannu kuwa ya fi kama da cingam mai tsakuwa, yana taurarewa da wuri, borax kuma na iya ƙona fatar da ke da saurin kamuwa, haɗiye shi ma haɗari ne. Ban ga dalilin da zai sa a kai shi gaban ƙaramin yaro ba.

Duk kyawun awo, idan yashin bai da kyau an yi aikin banza, kuma wannan ne wurin da mutane suka fi yin sakaci. Yashin gini ba na wasa ba ne. Ba a wanke shi ba, yana da tsakuwa masu kaifi, yana kuma tada ƙura mai laushi ta silika wadda shaƙarta na dogon lokaci ke lalata huhu. A nemi wanda aka rubuta a buhunsa cewa na wasan yara ne, an wanke an tankaɗe. Gwaji mai sauƙi: a ɗebi cikin hannu a sake shi daga sama a cikin haske, idan ƙura ta tashi ta tsaya a iska, a wanke shi a baho har ruwan ya fita garau, a shanya ya bushe ƙayau kafin a haɗa. Gwargwadon laushin yashi, gwargwadon kyan dunƙuluwarsa, don haka rariya mai ƙananan ido na da amfani. Wanda aka ɗebo a waje kuma a tuna cewa kyanwa na son yin bahaya a cikin yashi, kashinta kuwa na iya ɗauke da cuta.

Yashi mai launi da ake sayarwa shi ma sai an lura. A watan Nuwamba na 2025 hukumomi a Ostareliya da New Zealand sun janye wasu nau'o'insa daga kasuwa bayan an gano burbushin asbestos, wani ma'adini mai illa ga huhu, a ciki, har aka rufe wasu makarantu don a tsabtace su. Ido ba ya ganin wannan sinadarin, wanki kuma ba ya fitar da shi. Abin da mai saye zai iya yi shi ne ya tsaya kan kayan da ke da sunan kamfani da shaidar gwaji, ko ya sayi farin yashi ya sa launinsa da kansa. Sa launin ba wuya, amma akwai kuskuren da kusan kowa ke yi a karon farko: kalar abinci ta ruwa ba ta gauraya da mai, sai dai ta yi ɗigo ɗigo ta ɓata hannu. A haɗin ruwa a narka ta cikin ruwan tukuna. A haɗin mai a daka alli mai launi ya yi laushi, a gauraya shi da busasshen garin kafin a zuba man.

Idan aka ce in zaɓa wa mutum, zan fara tambayarsa abu biyu: yaron ya daina kai abu baki, kuma a ina za a yi wasan? Ƙasa da shekara 3, garin jarirai da man girki, ɗan kaɗan, ana kallo. Yaro ɗaya ko biyu da za su yi wasa a cikin ɗaki kan tebur, na kanti ya cancanci kuɗinsa saboda sauƙin shara kaɗai. Aji guda ko gida mai yara da yawa, haɗin yashi da sitaci da mai, a babban baho, a shimfiɗa tsohon zani ko leda a ƙasa. Fulawa da mai kuwa na bar shi ga manyan yara da ke son laushi, a wajen ɗaki, a wanke hannu da sabulu kafin wasa da bayansa.

Kowanne kuka zaɓa a haɗin gida, kada ku fara da cikakken awo. Ku yi gwaji da cokali maimakon kofi, misali a haɗin yashi da sitaci da mai, cokali 5 da 3 da 1, domin yashi ya bambanta da yashi, wani ya fi wani shan mai. Ya yi bushi, a ƙara mai ɗigo ɗigo; ya yi maiƙo, a barbaɗa sitaci. Ban da haɗin ruwa da na garin jarirai, sauran a ajiye a roba mai murfi a wuri mai sanyi, a rubuta ranar da aka haɗa a jikinta, kuma duk ranar da za a ɗauko a shinshina a duba. Da an ji wari ko an ga ɗigon baƙi ko kore, a zubar a haɗa sabo.