Xpert Xpress CoV-2/Flu/RSV plus: gwajin da ke raba korona da infuluwenza a gadon asibiti

Mara lafiya ya zo da zazzaɓi, tari da sarƙewar numfashi, ba likitan da zai iya rantsuwa korona ce ko infuluwenza ta hanyar dubawa kawai. Amma maganinsu ya sha bamban. Mai infuluwenza da aka kwantar oseltamivir yake bukata, miligiram 75 sau biyu a rana na kwana 5, kuma da wuri. Mai korona da ke kan iskar oksijin ana ba shi dexamethasone miligiram 6 kullum har kwana 10, maganin da ba a so a riƙa ba mai infuluwenza haka siddan. Haɗarin ma ba ɗaya ba ne. A wani bincike na asibitocin Faransa da aka wallafa a 2020, kashi 16.9 cikin 100 na masu korona sun rasu, na infuluwenza kuwa kashi 5.8. Rigakafi ya rage wannan tazara daga baya, sai dai daskarewar jini a jijiya har yanzu abin lura ne ga mai korona.

Nan ne wannan katirij na kamfanin Cepheid, wato ƙaramin akwatin gwaji na roba da ake sakawa a na'urar gano ƙwayoyin cuta ta GeneXpert, ya yi rawar gani. Da shafa ɗaya ta cikin hanci da tsinken auduga yana neman korona, infuluwenza A, infuluwenza B da RSV (wata ƙwayar cutar numfashi), sakamako ya fito cikin kusan minti 36. Wurare uku yake dubawa a jikin ƙwayar korona, wato N2, E da RdRp, saboda haka ko ƙwayar ta sauya kama a wuri ɗaya, da wuya ta kuɓuce.

Aikin ba wuya. A saka tsinken audugar cikin ruwan adana samfur, a juya kwalbar sau 5, a ɗebi maikrolita 300 da bututun da ke cikin kwalin, a zuba cikin katirij ɗin, a rufe, a fara gwajin kafin minti 30 su wuce. Yawancin matsala daga nan take tasowa. Idan ruwan bai kai ba ko kumfa ta shiga bututun, sakamako kan lalace. Majina mai kauri kan toshe hanyar ruwan har matsi ya yi yawa na'urar ta tsaya. Katirij ɗin kuma ba ya son zafin da ya wuce digiri 28, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, an yi asararsa. Mafi muni shi ne shafar da aka yi sama-sama a bakin hanci: sai a ce babu cuta alhali tana nan.

Gwajin yana da iyaka. Kowane gurbin saka katirij a na'urar samfur ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, don haka na'ura mai gurbi 4 ba ta iya biyan bukatar asibiti mai cunkoso a lokacin annoba, ga tsada. Ba ya faɗin wane nau'in infuluwenza A ne. Kuma yakan ci gaba da ganin ɓurɓushin korona makonni bayan mutum ya warke, wanda ke sa a manta da neman ciwon huhu na bakteriya.

Shawarata a ware shi domin waɗanda za a kwantar, musamman tsofaffi, masu juna biyu da masu raunin garkuwar jiki, kafin a zaɓa musu ɗaki.