Man korar sauro mai sinadarin DEET: abin da na gani a damina guda

Na sayi wannan man shafawa ne a wani kantin magani bayan da hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya (NCDC) ta tabbatar da zazzaɓin denge da ya ɓulla a jihar Sakkwato cikin watan Nuwamba na 2023. Muna da gidan sauro mai magani a kowane ɗaki, amma sauron da ke yaɗa denge da shawara da cikungunya, wato Aedes mai ratsin fari da baƙi a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma tsakanin la'asar da magariba, lokacin da babu wanda yake kwance a cikin gidan sauro.

Wanda na saya yana ɗauke da kashi 20 cikin ɗari na DEET, sinadarin da aka fara haɗa wa sojojin Amurka kafin a ba da izinin sayar da shi ga jama'a a 1957. Ba ya kashe sauro. Yana rikita masa jin warin jikin mutum ne, sai ya yi ta shawagi ya kasa sauka. Na gwada shi a tsakar gida, kusa da randunanmu inda cizo ya fi tsanani, kuma na kan yi kusan awa huɗu ban ji cizo a hannu ko idon sawu ba. Ƙanena da ke kiwo ya ce kaska ma ta rage kama shi a ƙafa, abin da ya faranta mini rai ƙwarai, domin kaskar dabbobi ce ke yaɗa zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini.

Matsalar da takardar jikin kwalbar ba ta yi la'akari da ita ba ita ce alwala. Wuraren da ake shafa man, wato hannuwa da fuska da ƙafafu, su ne dai waɗanda muke wankewa, don haka shafin da aka yi da azahar ba ya tsallake alwalar la'asar, alhali daga nan ne sauron yake fitowa da ƙarfinsa. Sai da na mayar da sake shafawa bayan la'asar al'ada kafin na ga cikakken amfaninsa, kuma hakan ya sa kwalbar ba ta daɗewa, ga shi kuɗinta ba kaɗan ba ne ga mai iyali da yawa. Yana kuma cin roba, har ya dusashe mini madaurin agogo.

Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba, yara kuwa babba ne zai shafa musu, ya kauce wa ido da baki da tafin hannu. Zan ci gaba da sayensa duk damina, amma ban daina rufe randuna da kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye ba, kuma kowa a gidan ya karɓi allurar rigakafin shawara, wadda sau ɗaya ake yin ta ta tsare mutum tsawon rayuwarsa.