Wata takwas da marufin kunne na Impact Sport a filin harbi

Ranar da na fara zuwa filin koyon harbi a bayan garin Houston da ke jihar Texas ta Amurka, soson toshe kunne guda biyu kawai na saya a kanta, irin masu ruwan lemon nan. Na cusa su sama-sama, kamar yadda ake sa wa yaro auduga da sanyi. Ina cikin lallaɓa 'yar ƙaramar bindigata sai mutumin da ke layin kusa da ni ya saki raifal .308, wadda ya ɗaura wa ƙarfen baki mai rage dukan kafaɗa. Shi wannan ƙarfe maigidansa yake yi wa amfani, maƙwabci kuwa shi ke shan ƙarar, don gefe yake watso ta. Har na yi sallar isha kunnena yana ta "wiii", bai lafa ba sai bayan kwana biyu.

Abin ya tuna mini da kawuna, tsohon maharbi, wanda sai ka zagaya ta damansa kafin ya ji gaisuwarka. Mun ɗauka tsufa ne. Ashe mai harbi da dama, kunnensa na hagu ne ke fuskantar bakin bindiga, na daman kuma kai da kafaɗa sun kare shi. Mu ma da muna yara, in 'yan bindigar Sarki suka fara ɓarin wuta ranar hawan Daushe a Kano, rige-rigen matsawa kusa muke yi.

Na fara da wani ƙaton marufi mai arha, kamar ƙoƙo biyu. Da raifal a kan benci yana da dama-dama. Amma da na je harbin farantan yumɓu da inji ke cillawa sama, da bindiga mai baki biyu, duk lokacin da na ɗora kunci a kan ƙota sai ƙotar ta ture ƙoƙon dama, ƙara ta shigo ta ƙasa. Marufin da ya ɗaga ko da faɗin farce ne, to, ado kawai ka sa. Ga shi ba na jin abin da mai kula da fili ke faɗa, sai na ɗaga gefe guda in ce "na'am?", daidai lokacin wani zai harba.

Shi ya sa na koma Howard Leight Impact Sport, mai batir. Kuɗinsa bai kai dala ɗari ba. Siriri ne, ƙasansa a ɗan shafe, don haka kunci na zama a kan ƙota ba tare da sun yi karo ba. Kowane gefe yana da 'yar makirfo da ke ɗauko sautin waje ta sa maka a kunne, amma ba ta bari ya wuce desibel 82 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Da an yi harbi sai ta yanke. Ranar farko har waige na riƙa yi: ina jin takun mutum a kan tsakuwa, ina jin injin da ke cilla faranti yana ƙwas, ina hira da abokina ba tare da ihu ba, harbin kuma sai ya zo kamar an rufe ƙofar mota daga nesa. Batir AAA biyu yake ci, kuma in ka manta shi a kunne, bayan awa huɗu yana kashe kansa. Ga mai mantuwa irina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a duba lambar da ke jikin kwali. A Amurka kowane abin kare kunne yana ɗauke da lambar NRR, wato kimanin desibel nawa na ƙara yake ragewa a gwaji. Na wannan 22 ne. Soso mai kyau yana kaiwa 29 zuwa 33. Harbin babbar bindiga kan wuce desibel 150, raifal ma ta kan haura 160, alhali NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta sa iyakar ƙara mai zuwa farat ɗaya a 140. Ko ɗan firamare ya yi wannan lissafin zai ga cewa siririn marufi shi kaɗai bai isa raifal ba, balle a filin cikin gini inda bango ke maido maka da ƙarar.

Abin da nake yi yanzu shi ne haɗa biyun: soso a ciki, marufi a kai, in murɗa sautin zuwa ƙarshe don magana ta ratsa soson. Kada a ɗauka 33 da 22 za su ba da 55. Abin da ake ƙiyasta yana ƙaruwa kamar desibel 5 ne a kan babbar lambar, domin wani sautin ta ƙashin kai yake bi. Biyar ɗin ma kunne yana gane ta.

Sa soson ma sai da aka koya mini. A murza shi tsakanin yatsu har ya zama kamar tsinke, a zagayo da ɗaya hannun ta saman kai a ja kunne sama, a tura, a riƙe kamar rabin minti har ya kumbura. In wanda ke gabanka yana hango soson ya leƙo waje, bai shiga ba. Na kuma canza tabarau zuwa mai siririn hannu, don mai kauri yana buɗe kafa a gefen fuska. Zufa kuwa, a zafin Texas kowane marufi sai ka sha ta. Tsumma nake ajiyewa a jaka.

Makon jiya batir ya ƙare mini ana tsakiyar harbi, laifina ne, tun da na saya ban canza ba. Hira ce kawai ta ɗauke. Ƙoƙon da katifarsa su ke tare ƙara, ba batirin ba, don haka na ƙarasa farantaina ashirin da biyar ina magana da abokina da hannu.