Neman maganin ciwon ɓarin kai a Sakkwato: inda aiki ke kyau da inda yake lalacewa

Yawancin masu ciwon ɓarin kai a Sakkwato daga kemis ɗin unguwa suke farawa, kuma nan ne hidimar ta fi rauni. Mutum ya shigo dafe da gefen kansa, idonsa a runtse saboda haske, zuciya na tashi, sai a ce maleriya ce da taifot. A yi gwajin Widal, wanda shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, a yi masa allura, a ƙara masa ruwa. Ciwon ya lafa, a ce magani ya yi aiki, alhali dama wannan ciwo yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 ya sauka da kansa. Bayan sati biyu ya dawo, a koma gidan jiya.

Abin da ya fi wannan muni shi ne a ɗora mutum kan tiramol, kodin ko Cafergot. Wanda ke shan irin waɗannan kwana 10 ko fiye a wata, ko Panadol da Brufen kwana 15 ko fiye, ya ɗauki sama da wata uku a haka, maganin da kansa zai riƙa haifar masa da ciwon kai kusan kullum. Wannan kuskure shi ya fi wahalar warwarewa, domin sai an janye maganin, kuma kai kan ƙara tsananta kafin a samu sauƙi.

Asibitin Ƙwararru na jiha da ke titin Sultan Abubakar da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Gawon Nama, nan ne ake samun abin da ya dace. Za ka yanki kati, ka ga likita a sashen marasa lafiya na waje, idan ciwon ya fi ƙarfin matakin farko ya rubuta maka takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ka yi sammako, domin Asibitin Koyarwa na karɓar mutane daga Kebbi da Zamfara har da Jamhuriyar Nijar. Kada a ruɗe da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ke cikinsa, wannan ciwo ba na tiyata ba ne. Mai inshorar lafiya ta tarayya (NHIA) ko ta jihar Sakkwato (SOCHEMA) ya fara bi ta asibitin da ya yi rajista ya karɓi takardar turawa, in ba haka ba kuɗin zai fito daga aljihunsa.

A ganinmu, rabin amfanin ganin likita yana cikin ɗan littafin da majinyaci zai zo da shi. Babu gwajin jini ko hoton da ke nuna ciwon ɓarin kai, da bayani ake gane shi. Ka rubuta na wata ɗaya zuwa biyu: ranar da ya tashi, awa nawa ya yi, wane gefe, ko an yi amai, wane magani ka sha kuma ƙwaya nawa. Ka rubuta ko kana ganin walƙiya-walƙiya ko layuka a ido kafin ya fara, abin da kan ɗauki minti 5 zuwa 60. Mace ta haɗa da ranakun al'adarta. Da wannan littafi, ganawar minti goma ta wadatar. Ba tare da shi ba, sai a ji "kullum ne, likita", shi kuma ya rasa ta ina zai kama.

Na lokacin tashin ciwo, akan ba da Brufen miligiram 400 ko Panadol giram 1, wani lokaci haɗe da maganin amai, a sha tun yana farawa. Idan ba su yi ba sai sumatiriftan, wanda ake sayarwa da sunan Imigran, miligiram 50 zuwa 100. Ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba, kuma yana da tsada. Mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ba ya shan sa. Mai olsa ko ciwon ƙoda ya kiyayi Brufen.

Wanda ciwon ke kwantar da shi kwana 4 ko fiye a wata ya nemi na kariya, kamar Inderal, wanda bai dace da mai asma ba, ko amitiriftilin miligiram 10 zuwa 25 da dare. Nan mutane da yawa ke sarewa. Wasu su daina bayan sati ɗaya, alhali sai an ba shi wata biyu zuwa uku. Wasu kuma su karanta takardar cikin kwalin amitiriftilin, su ga maganin damuwa ne, su ce likita ya ɗauke su masu taɓin hankali. Ba haka ba ne, ƙaramin adadi ne ake bayarwa don kai. Mace mai juna biyu ko mai neman haihuwa ta faɗa tun farko, saboda Epilim da Topamax, waɗanda su ma magungunan kariya ne, na iya cutar da ɗan tayi. Mai ganin walƙiyar nan kuma kada ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗe da sinadari biyu, tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Zafin Maris zuwa Mayu, da kan haura digiri 40, da ƙishirwa da ƙarancin barci lokacin azumi, duk suna tayar da shi, don haka a ga likita kafin Ramadan a tsara lokutan shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur.

Hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI ba dole ba ne ga wanda ciwonsa ya saba zuwa iri ɗaya shekara da shekaru. Amma ciwon kan da ya faɗo lokaci guda da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a lokacin sanƙarau, ko da mutuwar hannu, karkacewar baki ko farfaɗiya, ko ya fara bayan shekara 50, ko ya kama mai ciki da kumburin ƙafa, wannan sashen gaggawa za a nufa a take, ko da tsakar dare ne.